Amsa kan kalmar Dravidian: me take nufi, daga ina ta fito, kuma ya za mu rubuta ta da Hausa

Wani ɗan'uwa ne ya aiko min da tambaya, ya ce yana karanta labarin wani jarumin fim na kudancin Indiya da ya shiga siyasa sai ya yi ta cin karo da kalmar Dravidian, wani wajen kuma Dravida, wani wajen Dravid kawai, shine yake tambaya wai sunan ƙabila ne ko yare ne ko jam'iyya, kuma in mutum zai rubuta da Hausa ya zai rubuta.

Toh malam ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, dan ilimin harsuna na karanta kuma na ɗan zauna a kudancin Indiyan, saboda haka ka yi haƙuri amsar za ta yi tsawo.

Bari in fara da abin da zai ba ka mamaki. Mafi yawan masanan da suka bi diddigin kalmar nan sun tafi a kan cewa Dravida ba komai ba ce illa kalmar Tamil da ta shiga bakin baƙi suka lanƙwasa ta. Eh, Tamil ɗin nan dai da ka sani, yaren mutanen jihar Tamil Nadu a kudancin Indiya. Ka ga yanda Fulani suke kiran kansu Fulɓe, guda ɗaya Pullo, mu muka ce Fulani ko Fillani, Barebari da mutanen Sudan suka ce Fallata, Faransawa suka ce Peul? Suna ɗaya ne amma kowa da yanda harshensa ya iya ɗauka. Toh haka ya faru da Tamil.

Matsalar ta faro ne daga harafin ƙarshe na sunan. Su Tamilawa ba "l" irin tamu suke furtawa a ƙarshen Tamil ba, wani sauti ne da ake naɗe kan harshe a mayar da shi can baya wajen ganɗa ba tare da ya taɓa ta ba, sai ya fito tsakanin l da r, shi yasa za ka ga wasu suna rubuta Tamizh da zh, kuma babu wani z a ciki ko kaɗan, dabara ce kawai ta nuna sautin da boko bai da harafinsa. Na yi wata da watanni ina koyon sautin nan yaran unguwar da na zauna suna min dariya. Mutanen arewacin Indiya na da can su ma bai zauna a bakinsu ba, sai suka ce Damila. Wannan Damila ɗin tana nan a rubuce cikin tsofaffin littattafan harshen Pali, littafin tarihin sarakunan Sri Lanka da aka rubuta wajen ƙarni na 5 da ita yake kiran Tamilawa, kuma har gobe mutanen Sinhala na Sri Lanka Demala suke ce musu.

Yanzu daga ina "r" ta shigo har aka samu Dra? Nan ne wajen daɗin. Harshen malamai a Indiya ta da shine Sanskirit, shi ne na addini da karatu, su kuma harsunan talakawa irin su Pali da sauran waɗanda ake kira Prakrit suna da ɗabi'ar zubar da r in ta zo manne da wani baƙi. Ƙauye a Sanskirit grama ne, a Pali gama. Priya, sunan nan da kake ji a fim mai nufin abin ƙauna, a Pali piya ne. Malaman Sanskirit sun san da wannan sarai, dan haka da suka ji Damila sai suka ɗauka ai ita ma r ɗinta aka cinye, bari su gyara ta su mayar mata da kayanta, sai ga Dramila, ga Dramida, daga baya m ta koma v aka samu Dravida. Gyaran gangar auzinawa kenan, sun gyara abin da bai lalace ba. Kamar dai ɗan bokon da yake son ya burge sai ya ƙara wa kalma sautin da babu shi a cikinta.

In yi adalci, akwai waɗanda suka juya lissafin suka ce a'a, Dravida ce ta farko ita ce ta koma Tamil, kuma shi kansa Baturen da ya yaɗa kalmar a duniya, Robert Caldwell da zan zo kansa a gaba, wannan ra'ayin ya riƙa. Amma manyan masanan da suka zo bayansa, irin su Kamil Zvelebil da Bhadriraju Krishnamurti, sun fi karkata ga cewa daga Tamil aka taso, ni ma nan na tsaya, saboda tsofaffin waƙoƙi da nahawun Tamilawa na kusan shekara 2000 da suka wuce Tamil suke kiran harshensu, kuma hanyar sauyin sautin daga Tamil zuwa Damila zuwa Dramila tana bin ƙa'idar da muka sani, in ka juya ta baya sai ka yi ta kame-kame. Sannan akwai wani bayani da ke yawo a intanet wai kalmar daga drava ta fito mai nufin ruwa-ruwa, wato ƙasar da teku ya kewaye ta gefe uku. Daɗin ji gare shi amma irin fassarar zaure ce, kamar masu cewa Hausa daga "hau sa" ta samo suna.

Toh a Sanskirit ɗin me suke nufi da ita? Ba abu ɗaya ba. Wani lokaci ƙasar Tamilawa kawai, wani lokaci kudu gaba ɗaya. Wani malami da ake kira Kumarila Bhatta wajen ƙarni na 7 ya yi maganar yaren Dravida har ya kawo misalin kalmominsu, ciki akwai cor da ya ce shinkafa ce dafaffiya, kuma yau ɗin nan in ka shiga gidan abinci a Tamil Nadu coru ko soru za ka ji ana ce wa dafaffiyar shinkafa. Ka ga a wajensa Tamil yake nufi. Amma kuma akwai wani tsohon rabo da aka yi wa Brahmanawa, wato ajin malaman addinin Hindu, aka kasa su goma, biyar na arewacin duwatsun Vindhya biyar na kudu, na kudun aka ce musu Panca Dravida, Dravida biyar, kuma a cikin biyar ɗin har da na Maharashtra da na Gujarat waɗanda yarensu ɗan'uwan Hindi ne, ba ruwansa da Tamil. Daga irin wannan ne aka samu Dravid a matsayin sunan dangi. Shahararren ɗan wasan kurket ɗin nan Rahul Dravid gidansu Marathi suke yi, yaren Maharashtra. Dan haka in ka ga Dravid haka guntu, yawanci sunan mutum ne. A taken ƙasar Indiya ma da ake jera yankuna an ambaci Dravida, a nan kudu ake nufi dukkanta. Su magina kuma suna da nasu, salon ginin wajen bauta na kudu mai hasumiya hawa-hawa kamar dala Dravida suke ce masa, na arewa Nagara, babban misalinsa shine wanda sarki Rajaraja na daular Chola ya kammala a Thanjavur a 1010.

Ita kuwa Dravidian mai wutsiyar -ian, wannan ta Turanci ce kuma ba ta kai shekara 200 ba. Wani ɗan mishan ne mai suna Robert Caldwell, haifaffen Ailan, ya sauka Madras, wato Chennai ta yanzu, a 1838 ya zauna a yankin Tirunelveli can ƙuryar kudu shekara da shekaru yana wa'azi yana koyon yare, sai a 1856 ya fitar da littafin da ya kwatanta nahawun harsunan kudu, a jikin sunan littafin ya sa Dravidian. Kafin shi Turawa Tamulian ko Tamulic suke cewa, shi kuma ya ga in aka kira dangin gaba ɗaya da sunan ɗa guda za a riƙa ruɗewa, ana maganar Tamil ne ko ana maganar duka gidan, shine ya je ya ɗauko Dravida daga Sanskirit ya maƙala mata wutsiya. Abin dariyar shine gudun sunan Tamil ya yi ya faɗa kan sunan Tamil ɗin dai da ya sha wanki. Kuma ba shi ne ya fara gano danganta ba, wani jami'in mulkin Ingila a Madras, Francis Whyte Ellis, tun 1816 ya nuna cewa Telugu da Tamil da Kannada tushensu ɗaya kuma ba 'ya'yan Sanskirit ba ne, amma ya rasu a 1819 bai kai ga faɗaɗa aikin ba, sai suna ya bi Caldwell, har mutum-mutuminsa aka kafa a bakin tekun Marina a Chennai.

Me ya sa wannan ganowar ta zama abin magana? Saboda a lokacin kusan kowa ya ɗauka duk yarukan Indiya daga Sanskirit suka fito, tunda cike suke da kalmominta. Kamar wani ya ga littafi da alƙalami da sallah da lahadi a Hausa ya ce ai Hausa ɓatacciyar Larabci ce. Aro daban, haihuwa daban. In kana son ka gane asalin yare ba kalmomin malamai ake dubawa ba, ƙirga ake dubawa da sassan jiki da wakilan suna da yanda ake gina aikatau. Gwada da kanka, tunda duk wanda ya taso da fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa ya san ek, do, tin. Toh a Tamil ɗaya biyu uku onru, irandu, munru ne. A Malayalam onnu, randu, munnu. A Kannada ondu, eradu, muru. A Telugu okati, rendu, mudu. Ko ba ka karanta komai ba kunnenka zai gaya maka waɗannan huɗun 'yan ɗaki ɗaya ne, ek do tin kuma baƙo ne a cikinsu, shi danginsa su Farisanci ne da Turanci da Faransanci.

Waɗannan huɗun sune manya. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta ba Telugu masu magana wajen miliyan 81, Tamil miliyan 69, Kannada kusan miliyan 44, Malayalam kusan miliyan 35. Ka lura Telugu ta fi Tamil yawan mutane duk da sunan gidan daga Tamil ya fito. Sai ƙanana irin Tulu da Gondi da Kurukh, sai wanda ya fi ba masana ciwon kai, Brahui, da ake yi can Balocistan a Pakistan, nesa da 'yan'uwansa da tafiyar sama da kilomita dubu, kuma masu yinsa Musulmi ne makiyaya da manoma da in ka gan su ba za ka bambance su da maƙwabtansu Baloc ba. Har yanzu ana gardama ko ragowar mutanen da ne da suka taɓa cika arewa, ko kuwa daga baya suka yi ƙaura suka je can.

Mu ma nan kalmominsu sun iso mu ta doguwar hanya. Mangwaro asalin sunansa daga kudancin Indiya ne, manga, 'yan Fotugal suka ɗauka suka watsa. Korin da mata ke sawa a miya da tayim, daga kari ta Tamil ya fito ya biyo ta bakin Turawan Ingila. Finafinan fassara da samari ke kallo yanzu, masu faɗan da mutum ɗaya zai watsa mutum talatin, da yawansu na Telugu da Tamil ne daga Hyderabad da Chennai, ba na Mumbai ba. Kuma duk wanda ya kai mara lafiya asibiti a Chennai ya san abin da nake faɗa, ranar da na fara sauka na tare mai keke napep, su oto suke ce masa, na zage ina masa ɗan Hindin da na tsinta a fim ina jin ni wani ne, mutumin ya kalle ni shiru ya kaɗa kai ya amsa min da Turanci. Daga baya aka fahimtar da ni ba wai lallai bai ji ba ne, Hindi a garin nan magana ce mai tarihi.

Wannan ya kawo mu siyasa, inda ka ci karo da kalmar. Littafin Caldwell ya faɗa hannun mutanen da ke jin haushin yanda Brahmanawa, 'yan tsiraru, suka kankane aikin gwamnati da makarantu a lardin Madras, sai kalmar ta zama tuta, wato mu ne 'yan ƙasa na asali, yarenmu ba ɗan kowa ba ne. A 1916 aka kafa ƙungiyar da aka fi sani da jam'iyyar Justice, sai E. V. Ramasamy da suke kira Periyar ya karɓe ta ya sauya mata suna zuwa Dravidar Kazhagam a 1944, ka ga zh ɗin nan ta sake fitowa, kazhagam ƙungiya kenan. A 1949 almajirinsa C. N. Annadurai ya ɓalle ya kafa Dravida Munnetra Kazhagam, DMK, ƙungiyar ci gaban Dravida. Har ƙasa tasu suka nema mai suna Dravida Nadu, suka ajiye buƙatar a 1963. A 1965 aka yi mummunar zanga-zanga kan yunƙurin mayar da Hindi harshen gwamnati shi kaɗai, a 1967 DMK ta kayar da jam'iyyar Congress mai mulki a jihar, a 1969 aka canza wa jihar suna daga Madras zuwa Tamil Nadu. A 1972 jarumin fim M. G. Ramachandran ya ɓalle ya kafa tasa wadda ta zama AIADMK, ita ma da Dravida a cikin sunanta, kuma shekara da shekaru jam'iyyun nan biyu suka yi suna karɓa-karɓar mulkin jihar. Fim da siyasa a can tuwo da miya ne, Karunanidhi marubucin labarin fim ne, Jayalalithaa jaruma ce, duk sun yi mulkin jihar.

Amma ka lura da wani abu, wannan zafin na Dravida kusan a Tamil Nadu kaɗai ya kama. Mutumin Kerala ko Karnataka ko Andhra in ka tambaye shi zai ce maka shi Malayali ne ko Kannadiga ko ɗan Telugu, ba kasafai za ka ji ya ce shi Dravida ne ba, shi yasa ma maganar ƙasar Dravida Nadu ba ta samu karɓuwa a wajensu ba.

Sai maganar ƙabila ko launin fata, wadda ita ce na fi so ka yi hattara da ita. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki sunan dangin harsuna suka mayar da shi sunan jinsi, wani jami'insu Herbert Risley da ya jagoranci ƙidayar 1901 har faɗin hancin mutane ya riƙa aunawa yana cewa wannan Aryan ne, wato jinsin masu yarukan gidan Sanskirit, wannan Dravidian ne. Irin abin da aka yi mana ne a Afirka da tatsuniyar Hamitic, aka ce duk wanda ya kafa daula ko yarensa ke bambance namiji da mace to daga waje ya zo, har Hausa aka jefa a wannan kwandon kafin Joseph Greenberg ya zo wajen 1950 ya rushe lissafin ya sa ta cikin dangin da ake kira Cadi. Yau Hausa tana cikin harsunan Cadi tare da Bole da Ngizim da Angas, amma ka taɓa jin Bahaushe ya ce shi ɗan ƙabilar Cadi ne? Toh haka Dravidian take a wajen masana, sunan gidan harsuna ne. Masu yin su akwai baƙi wuluk akwai masu haske, akwai Hindu akwai Musulmi akwai Kirista, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna mutanen Indiya kudu da arewa duk gauraye ne, bambancin na yawan gaurayen ne. Na san akwai masu son a ce Dravidawa 'yan'uwanmu ne na jini saboda fatarsu, tsohon shugaban Senegal Senghor ma ya ƙwallafa rai a kan haka a shekarun 1970 yana neman alaƙa tsakanin harsunansu da na Afirka ta Yamma, amma masana harshe ba su karɓa ba, kamannin kalmomi jefi-jefi ba ya zama hujja sai an samu ƙa'idar sauti mai maimaita kanta.

Yanzu rubutu. A littattafan masana za ka ga an sa ɗigo a ƙarƙashin d ta biyu, wani lokaci da ɗan layi a kan a ta farko. Layin na nuna an ja wasalin, Draavida, kuma jan yana da aiki, Dravida gajere sunan ƙasar ko mutanen, mai ja kuma na nufin abin da ya danganci can, kamar Kano da Bakano. Ɗigon kuma yana nuna d ce da ake naɗe harshe baya. Dan Allah kar ka ga ɗigo ka ɗauka ɗ tamu ce mai lanƙwasa ka rubuta Dirabiɗa, tamu haɗiye iska ake yi tasu naɗe harshe ake yi, ba su haɗu ba. Wanda ya fi kusa da ita a bakinmu shine r ɗin nan tamu ta bara mai yi wa sarki hidima, ba ta bara da almajiri ke yi ba, kuma masu Hindi kusan da wannan r ɗin suke ƙarasa kalmar, sai ka ji kamar Dravir suke cewa.

Su Tamilawan da kansu da kalmar ta dawo musu gida ba su iya ɗaukarta yanda take ba, yarensu ba ya fara kalma da baƙi biyu a manne, kuma harafi ɗaya suke rubuta t da d da shi, sai suka cusa wasali suka rubuta Tiravidam, mutanen kuma Tiravidar. Daidai abin da muka yi wa direba kenan da fulawa da burodi. Saboda haka in da Hausa zan rubuta, Dirabida nake sawa, i ta raba d da r, v ta koma b kamar yanda ta koma a bidiyo da talabijin. Sai in ce harsunan Dirabida, siyasar Dirabida, ginin Dirabida. Wutsiyar -ian ba ma buƙatarta tunda -n da -r namu na mallaka sun riga sun yi aikinta, Dirabidiyan nauyi ne biyu a kan jaki ɗaya. Jam'i in dole ne Dirabidawa ya zauna a baki, amma Badirabide kam na gwada shi sau da yawa a aji ɗalibai dariya suke yi, gara ka ce Batamile ko ɗan Telugu tunda haka mutumin yake kiran kansa. In kuma sunan jam'iyya ne ko sunan mutum kamar Rahul Dravid to ka bar shi yanda masu shi suke rubutawa, in kana nema a Google ma da Dravidian ɗin za ka nema, Dirabida ba za ta fito maka da komai ba tukuna.